Abin da Ake Wankewa a Bayan Rumfa

Litinin, 8 Yuli

Na ɗauka na riga kowa isa gonar kawa, dabbar ɓawon nan da muke kiwo a kwanduna cikin ruwa, don ko hazo bai ɗaga daga kan teku ba. A bayan rumfar injin iska na hango Tate Amunyela, wato Baba Amunyela a yarenmu, durƙushe gaban baho. Ya juye busasshiyar rigarsa ta nutso, ciki ya koma waje, yana dirzar ƙafafunta da sabulu da wani magani mai warin asibiti. Yana yi yana waiwaye. Shekararsa talatin a ruwan Lüderitz, shi ya koya mini numfashi da tiyo.

Busasshiyar riga ai ruwa ba ya shigarta. To me ake wankewa a ciki? Da na matso, hancina ya gaya mini.

Da ma na yi shiru. A jirgi na raɗa wa Hafeni, abokin nutsona. Dariya kawai na so ya yi.

Talata, 9 Yuli

Ba wanda bai ji ba. Lokacin shayi Hafeni ya ce, "Tate, zan shiga gari anjima, in sayo maka ƙunzugu? Lamba nawa kake sawa?" Aka kwashe da dariya, har da ni, kaɗan. Tate ya ce, "Miƙo mini sukari, ɗana." Shi ke nan. Bai dube ni ba. Da ya dube ni ma da ya fi sauƙi.

Laraba, 10 Yuli

Layina ya zo. Shekara uku ina nutso da jiƙaƙƙiyar riga, irin wadda ruwa ke shiga ya kwanta a fata, yau aka ce in zaɓi busasshiya tawa ta kaina. Anti Beukes mai awo ta zo daga Walvis Bay da tef a wuya, ta baje riguna kan teburin tantance kawa.

Iri biyu ne. Akwai ta roba mai kauri kamar soso, da ɗumi amma nauyi, kuma ba ta bushewa da wuri. Akwai ta yadi hawa uku, shafal, sai dai ka sa kayan sanyi a ciki. Na shafa gwiwar kowacce, na ja ɗinkin, na ɗaga ga haske. Ɓawon kawa yanka yake kamar reza, don haka na ɗauki ta yadi mai faci biyu a gwiwa, takalmi haɗe, robar wuya mai laushi. Anti ta ce, "Kai kana da ido, yarona."

Sai ta ɗaga wani ɗan bawul, gaban kowa. "Wannan fa? A cinya ake sa shi, da ɗan bututu. In fitsari ya matsa ka a ƙasa, ya fita waje."

Hafeni ya fara tari na ƙarya.

Tate ya ce a hankali, "Sa masa, Beukes. Da jiƙaƙƙiya ya saba, jikinsa bai san an canja ba."

Gaskiyarsa. A jiƙaƙƙiya duk muna yi, ya ɗumama ka minti ɗaya, teku ta wanke. Amma abin da ya fito bakina shi ne, "Ni ban tsufa ba tukuna."

Na rubuta shi nan don in riƙa gani.

Anti ta bar mini rigar gwaji mai zif a baya. Ta ce Litinin da tsakar rana za ta tura awo wurin maɗinka, daga nan ba canji.

Alhamis, 11 Yuli

Ban sha komai ba tun safe, don kada fitsari ya matsa ni a ƙasa. Riga lafiya, a bushe na fito. Kaina kamar ana sara.

Jumma'a, 12 Yuli

Meme Saara, innar da ke dafa mana shayi, ta tare ni a ƙofa. "Jiya ka bar kofinka, yau ma? So kake a kwashe ka a sanƙare, gaɓoɓi sun ƙi lanƙwasuwa? Zauna nan." Kofi biyu ta ɗura mini tana tsaye a kaina.

Awa ɗaya da rabi a ƙasa, ina warware igiyar kwanduna, sanyi ya cinye yatsuna. Ban yi niyya ba. Wallahi ban ma sani ba sai da na ji ɗumi na gangarawa cikin takalmin hagu. Na tsaya riƙe da igiya. Tate na gefena, ya dubi idona ta gilashi, ya daɗe.

A jirgi Hafeni ya taho zai zuge mini zif, tun da hannu ba ya kaiwa baya. Tate ya ture shi. "Matsa, hannunka duk majinar kawa." Ya zuge da kansa, sai ya yi tuntuɓe da bokitin ruwan teku da ke kan benci, ya juye mini shi kaf ta baya, har cikin takalma.

"Tate! Makanta kuma ta zo?" in ji Hafeni.

"Tsufa ne, ɗana," ya ce. "Ku yi haƙuri da ni."

Bokitin nan ba a kan benci yake ba da muka shiga jirgi daga ruwa. Na ga lokacin da ya ɗora shi.

Lahadi, 14 Yuli

Ban je coci ba. Na kasa cin tuwon gero ma.

Litinin, 15 Yuli

Da sassafe na kai rigar gwaji bayan rumfa. Na tarar da baho, da kwalbar maganin nan a gefe, an bar mini rabi.

Ƙarfe goma na kira Anti Beukes a waya. Na yi ta zagaye, launi, tsawon hannu. Ta ce, "Bawul ɗin ne, ko?" Na ce e. Na ce tsohuwar riga fa, ana iya huda ta a sa mata? Ta ce aikin awa ɗaya ne. Na ce to ta zo da biyu. Ban san yadda zan gaya wa Tate ba tukuna. Ba wani abu ba ne, tambaya kawai na yi.

Meme Saara tana wanke kofuna, ta ji duk. Ba ta juyo ba ta ce, "Kana tsammanin kai ka fara ganinsa a bayan rumfar nan? Shekara biyu ke nan."

Ranar Litinin ɗin da ta wuce ma, ta ce, tana bakin taga. Oom Dawid, kawun nan direban jirgi, yana kan gadar da muke ɗaure jirgi yana kwance igiya, shi ma ya gani. Mai gadi ya gani. Mu huɗu ne. Ni kaɗai na buɗe baki.