Jiniyar Rijiyar Gas da Tukunyar Pilau

Ranka ya daɗe mai wannan fili, ka agaza mini da shawara, domin yau a unguwarmu ba mai amsa mini sallama sai mahaifiyata, ita ma kunnenta ya yi nauyi.

Ni ne shugaban gida goma a wata unguwa da ke bayan garin Mtwara na bakin teku. Rijiyar gas tana jikinmu; tsakanin shingenta da banɗakin gidana bishiyar yazawa ce kawai. Da aka gama haƙa ta, kamfanin da ke da ita ya kafa jiniya, ya koya mana cewa in ta yi kuka a kashe kowace wuta, a dubi inda iska ke kaɗawa, a gudu ta inda take fitowa. Aka riƙa yi mana atisaye, in an gama kuma a raba pilau, wato dafa-dukan shinkafa mai kanumfari, da naman sa da lemon kwalba a bakin ƙofar rijiyar, don a nan kicin ɗin ma'aikata yake.

Karon farko mun yi gudu na gaskiya. Sai mutane suka lura cewa wanda ya fi nisan gudu shi ke dawowa ya tarar da ƙanzo. Aka rage gudun. Daga baya aka daina shi ɗungurungum: jiniya na kuka, kowa ya ɗauki faranti ya nufi ƙofar.

Watan jiya da hantsi ta yi kuka ba tare da an sanar da atisaye ba. Ina jin wani huci daga cikin shinge, na ga ma'aikata na fitowa a guje da abin rufe hanci. Na waiwaya, sai ga unguwarmu kaf a layi, mata da goyo, yara da kwanoni, a gaba kuma dattijo Mzee Chikambo, shugaban masu haƙa kabari, da sigari a bakinsa tana ci. Na doke sigarin na take ta, shi kuma ya faɗi zaune cikin taɓo. Sauran kuma na kore su daga ƙofar da ihu. Allah ya tsare, aka toshe abin. Amma da yake ba abin da ya ƙone, ba kuma wanda ya ji wari, sai aka yanke hukunci cewa ba gas ɗin komai, ni ne na kore su don in ci ni kaɗai da manyan kamfani.

Na je ofishinsu na roƙa a daina raba abincin. Ban taɓa ganin buƙatar da suka biya da sauri irin wannan ba. Atisayen da ya biyo baya ko daga kan tabarma ba wanda ya tashi.

Tun daga nan na ga duniya. Yara na bin bayana suna kukan jiniya da baki. Bi Somoe mai suyar kifi ta kama rigata a tsakiyar kasuwa ta sansana, ta ce, "Kanumfari nake ji, Baba Shugaba. Allah ya sa ya zauna maka a ciki." Duk wannan zan iya shanyewa. Amma mahaifiyata tana kwance, ƙafafunta sun daina ɗaukarta. Mzee Chikambo ya zo dubiya, ya zauna ya sha shayinmu, sannan ya ce mata, "Mama, ki yi ƙoƙari ki daɗe, ɗanki ba shi da masu haƙa. In abin ya matsa ya kira kamfanin, su ma sun iya rami."

Tun ranar take kuka, tana cewa ba mutuwar take tsoro ba, a ɗauke ta ba mutane. Ta ce in je in durƙusa a dawo musu da shinkafarsu. In na yi haka na sake jera 'ya'yan mutane a bakin wuta. In na ƙi, uwata za ta rufe ido da wannan magana a ranta. Ina zan sa kaina?

Shugaban da Ba a Gaisarwa

Ya kai Shugaba mai daraja,

Mun karanta wasiƙarka a tsanake, kuma muna taya unguwarku murna. A tarihin al'ummomin da muka bincika, an ga waɗanda suka guje wa masifa, an ga waɗanda suka tsaya ta riske su, amma waɗanda suka yi mata layi da faranti, ku ne na farko.

An rubuta cewa wani masani a ƙasar sanyi ya ɓata shekaru kafin ya koya wa kare zubar da yawu in ya ji ƙararrawa. Da ya zo Mtwara da ya huta, domin kowace mai kiwon kaji ta san kaza inda ake watsa tsaba take zuwa, ko da wuƙa ce a ɗaya hannun. Maƙwabtanka ba mahaukata ba ne. Darasin da aka koya musu da tukunya suka haddace, na baki kuwa ya bi iska. Wanda bai ga naman sa ba tun Babbar Sallah ba a yi masa wa'azin iskar da ba ta da launi ba ta da wari. Laifi mafi girma na kamfanin ne, da ya ɗaura gargaɗin mutuwa da kiran cin abinci a igiya guda, sannan ya karɓi roƙonka da hannu biyu don kicin ɗinsa ya huta.

Kai ma ba ka tsira ba. Ka gano ciwon, sai ka yanke kan maras lafiyar. A da mutanenka suna gudu ta gurguwar hanya, yanzu ba sa gudu sam, kana kuma kiran wannan gyara. Shinkafar ba ta da laifi. Mazaunin tukunyar ne ya ɓaci.

Ka koma ofishin, wannan karon da limaminku da jami'in gunduma, ba a durƙushe ba. Ka ce a dawo da pilau, amma a girka shi a wurin taruwa mai nisa: filin kudu a watannin iskar kudu, filin arewa in ta juya, masuntanku sun san lokacin. Wanda ya riga isa shi ke da tsoka, na ƙarshe ƙanzo, wanda ya zo da wuta a baki ko a hannu ya koma da farantinsa a bushe. Ka nemi a tanadi baro ga duk wanda ba ya iya tafiya, wanda ya turo shi kuma a zuba masa ninki biyu. Za ka ga samari suna dambe a kan wa zai ɗauki mahaifiyarka.

Shi kuwa Chikambo, ka ba shi haƙuri a kan taɓon, ban da sigarin. Mutumin da zai sha shayin gida ya yi wa tsohuwa barazana da kabarinta ba ya buƙatar muhawara. Liman ya tuna masa a gaban jama'a cewa binne mamaci wajibi ne, ba ladan pilau ba, kuma shi ma hannun wasu ne zai saka shi.

In duk da haka zuciyarka ta ƙi ciyar da masu zaginka, ka yi wannan lissafi. Ranar da gas ya same su a kan tabarma, ba za ka rasa masu haƙa kaɗai ba: kai ne za ka rage da shebur, kuma gida goma aiki ne babba ga mutum ɗaya. Ka ciyar da su ko don bayanka.

Ka gaida Mama. Allah ya ba ta lafiya, ya ja kwananta har ta je wa iyalan Chikambo ta'aziyya a cikin baro.