Ranar da Umma ta miƙe a jami'a

Inna Rabi,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya ƙafar Baba, ya yara? Mu a Misfala lafiya lau, hankalina ne dai ya ƙi kwanciya.

Sati mai zuwa zan kare aikin binciken digirina na biyu a gaban malamai. Tunda ba a taɓa yi a gidanmu ba, malamata ta ce in fara kai Umma ta kalli na wata ɗaliba. Da malamai suka matsa wa yarinyar da tambayoyi, sai Umma ta miƙe ta ce, "Haram alaikum, ku ƙyale ta haka!"

'Yar wasu ke nan fa, ina ga ni? Ke ce yayarta, ki kira ta don Allah.

Ki gaida kowa. Ki yi mana addu'a, ni in iya amsawa, ita kuma ta iya zama.

'Yarki,
Maryam