Koriyar Jarka Mai Hoton Alkama

Sabuwar Maradun,
9 ga Yuli, 1979.

Zuwa ga Yaya Baturiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigida da yara da maƙwabtanki na Talata Mafara. Na gode da zuwanki ta'aziyya, Allah ya bar zumunci.

Yaya, akwai maganar da na kasa faɗa miki ranar, don ɗakin cike yake da mata. Kowa yana tuna Asabar ɗin da muka rasa yarinyar. Ni kuwa wata Laraba nake tunawa, ranar da Inna Marka ta tsayar da jakinta a ƙofar gidanmu da korayen jarkoki takwas.

Kin san yadda muke tun da ruwan dam ya cinye fadamarmu aka kawo mu kan wannan tsandauri. Jujin ma'aikatan dam shi ne gonarmu yanzu. Inna Marka da tsofaffi biyu su kwaso, mu matan aure mu wanke a cikin gida. Gwangwani ya tafi wurin maƙera a yi aci-bal-bal, takardar buhun siminti ta tafi wurin masu tsire da ƙosai, tsohuwar taya ta zama takalmi. Gida goma sha ɗaya ke ɗora tukunya da wannan sana'a.

Da yake ni kaɗai na yi firamare, ni ce mai duba rubutu. Galibi hoto ne ke ceto na, in ga kifi ko tumatir in faɗa. A ranar ina ƙarshen littafin nan da kika aiko mini, saura shafi kaɗan in ga ko masoyan za su sadu. Sai Inna ta ce, "To Malama mai littafi, ajiye mutanen naki ba za su gudu ba, gaya mana abin da aka zuba a nan." Aka yi dariya, na tashi ina jin daɗi.

Rubutun ba Hausa ba ne, ba kuma irin Turancin da aka koya mana ba. Ko kalma ɗaya ban gane ba. Mata shida sun zuba mini ido. Na ga hoton zangarniyar alkama, na ce man girkin Turawa ne. Muka wanke da toka da yashi har sau bakwai, yadda muke yi wa duk abin da muke shakka, warin ya kwanta. Na zaɓi wadda ba ta da ƙwarzane na ajiye kusa da jerena. Don tana da murfi, ƙuda ba ya faɗawa, na keɓe ta ga ruwan yarinyar. Mu manya daga randa muke sha.

A kwana na huɗu yarinyar ta fara zubar da miyau, jikinta yana rawa. Wasu suka ce iskokin tsohuwar maƙabarta ne da ruwa ya rufe. Babanta ya ce ruwan tabki ne. Ɗiyar fari ce, ko sunanta ban taɓa kira a gaban mutane ba, balle in yi mata kuka. Har yau mata suna yaba mini haƙuri, ni kuwa ina ji kamar su rufe ni da duka.

Na kwafe rubutun jarkar harafi bayan harafi a bayan wannan takarda. Don Allah ki nuna wa maƙwabciyarki Malama Dorcas, tunda mijinta yana aiki a gonakin dam. Kada ki ce daga gare ni ne.

Ki gai da kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Taibatu.

Sabuwar Maradun,
24 ga Yuli, 1979.

Zuwa ga Yaya Baturiya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da gajiya, ya yara, ya ƙafar maigida? Allah ya ƙara sauƙi. Bappanmu ya kawo mini amsarki da ya dawo daga kasuwa.

Na karanta. Maganin kashe ƙwarin gona ne, kuma toka ba ta fitar da shi daga jikin roba ko an wanke sau ɗari. Dama zuciyata ta sani, Yaya, so nake kawai wani ya ƙaryata ni.

Kin ce in binne jarkar in yi shiru, ajali ne, ba wanda zai dawo. Na san don kina ƙaunata kika faɗa. Na binne ta. Amma jarkoki takwas ne. Na bugi cikin Inna Marka da hira, ta ce biyu suna Kaya, biyu an wuce da su Gidan Goga, uku suna Bakura, ɗaya daga cikin na Bakuran ma wata mai kunu ce ta saya. Tana faɗa tana murna, wai in an sake samun irinsu a ajiye mata.

Na san abin da magana za ta jawo. Daga ranar da aka ji, ba mai sake sayen ko gwangwani daga hannunmu, kuma Nagode matar maƙeri wata takwas cikinta, ba su da ko dami ɗaya. Sai kuma maigidana. Shi ne ke zuwa har Gusau ya sayo mini littafi, ya zauna in karanta masa, yana gaya wa abokansa matarsa ba ta buƙatar a karanta mata wasiƙa. Jiya na same shi a zaure riƙe da ɗan takalmin tayar da ya yanka wa yarinyar da hannunsa. Da ya gan ni sai ya tura shi aljihu ya tambaye ni ko na ci abinci.

A littattafaina, idan mace ta faɗi gaskiya akan yafe mata kafin shafin ƙarshe. Na daɗe ina zaton haka duniya take. Yanzu ban san yadda zai dube ni ba, ban kuma ce ya yafe ba. Abin da na sani shi ne kowace safiya mai kunun nan tana cika jarkarta.

Ki gai da Malama Dorcas, ki yi mata godiya. Ki share mini ɗan ɗakin nan na kusa da rumbu ko da zan buƙace shi. Yau idan ya dawo daga sallar La'asar zan gaya masa komai. Gobe da safe zan gaya wa Inna Marka da sauran mata, sannan in bi jarkokin nan bakwai, daga Bakura zan fara.

Ƙanwarki,
Taibatu.