Motar da ta ƙi zuwa Gaya

Inna,

Ina gaishe ki da kyau. Ya ƙafar taki? Ya ɗan'uwana Rabi'u da kamiyonsa na dakon kaya?

Lafiyata lau, sanyin Faransa ne kawai, na kusa sabawa. Kin tambayi aikina: ƙarya nake yi wa mota! Abokan aikina sun ƙera na'urar da ke nuna wa direba hanya ta tauraron ɗan'adam, ni kuma ina aika mata saƙon ƙarya, a ga ko za ta ruɗe. Wallahi gwanaye ne, ba ta ruɗewa. Irinta nake yi wa Rabi'u fata.

A aiko min busasshen kifi.

Jiya na ce wa motar muna kan gadar garinmu Gaya. Ta ƙi yarda. Kowa ya tafa, har da ni. Amma Inna, da ma ta yarda, ko sau ɗaya.

Ki sa ni a addu'a.

'Yarki,
Bara'atu