Madubin Bindigarka

Saint-Fons, Satumba 2016

Malam,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da addu'a, Allah ya yalwata maka makwanci. Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko da kana raye ma ba ka cika son rubutu ba, sai ka ce in faɗa maka da baki. To yanzu babu inda zan kai bakin. Kabarinka yana Tasawa, ni ina nan a gidan da ka bar ni, hayaƙin izin ɗinku, masana'antar da ka yi aiki, yana tashi ta taga kamar ba abin da ya faru.

Kowa yana lafiya. Ƴarmu Ummi ta haihu, namiji, an sa masa sunanka, don haka Abba nake ce masa. Suna can Aubervilliers a gefen Paris, kusa da yayanka Alhaji Lawali. Ƙafa ta matsa wa Alhaji, yara ne ke tsaron kantin yanzu. Amma ba don wannan na zauna rubutu ba. Maganar ɗanmu Bashir ce, da madubin bindigarka, wanda kake ce wa lunet.

Ka tuna ranar da ka shigo da shi? Ka tafi Paris bikin suna a gidan Alhaji, ka dawo da wani dogon kwali a hammata, kana ɓoye shi kamar yaron da ya sayo alewa. A lokacin idonka ya fara rauni. Sau biyu kana dawowa daga daji kana cewa barewa ta tsaya maka amma ba ka ga bakin bindiga da kyau ba. Abin ya ci maka rai, kai da mahaifinka maharbi ne da duk ƙasar Tasawa ta sani. Ka ba ni labarin kantin. Ka ce mai kantin ya ciro maka na Jamus daga cikin gilashi, ka leƙa, ka ga rubutun da ke tsallaken titi kamar a tafin hannunka. Ka daɗe kana riƙe da shi. Sannan ka mayar masa, ka ce ya nuna maka na can ƙasan kanta, ɗan Sin mai araha. Shekarar ce Ummi za ta shiga jami'a. Ba ka ce saboda ita ne ba, ni ma ban ce na gane ba. Na gane, Malam. Me ya hana ni gode maka a ranar? Sai ma na yi mita, na ce mutum da girmansa yana sayen kayan wasa.

Wannan madubi ya wahalar da kai. Harbin farko bindiga ta ja da baya, bakinsa ya tsaga maka gira, ka shigo da jini a kwalar riga kana dariya. In aka yi sanyi sai ya yi hazo daga ciki, ka dawo ka kwance shi ka tura cikin buhun shinkafata wai ta tsotse raɓar. Sau nawa na sa kwano zan ɗebi shinkafa na ci karo da shi? Saitinsa kuma ba ya zama wuri guda. Duk Asabar da yamma kai da Gérard, abokin aikinka da ya fara kai ka farauta, kuna filin gwaji kuna murɗa ƴan kusoshinsa, harbi ya tafi hagu ku dawo da shi, wani mako ya tafi sama. Gérard ya ce ka jefar da shi. Ka ce ai ka san halinsa, shi ma ya san naka.

Ranar da ya yaudare ka ban manta ba. Ka auna kafaɗa, harsashi ya sami cinya, barewar ta shige kurmi da ƙafa uku. Kuka bi jini da kare tun hantsi har la'asar kafin ku same ta ka yanka. Ka dawo ba ka ci abinci ba. Ka ce ka yi bisimilla kafin ka harba, amma bisimilla ba ta ɗauke maka alhakin wahalar da ta sha ba. Daga nan ba ka ƙara fita ba sai ka gwada saiti a kan kwali tukuna, kuma ba ka ƙara harbi daga nesa ba.

Ban taɓa son Lahadin nan taka ba, ka sani. Kwana ɗaya da kake da shi a mako sai ka kai wa daji. Abin da ban faɗa maka ba shi ne, ina leƙenka ta taga in ka dawo. Daga izin kana dawowa a duƙe, kana tari, ba ka kallon kowa. Daga daji kuwa kana fitowa daga mota a miƙe, takalma duk laka, kana gaida maƙwabta da ƙarfi. Wannan mutumin shi na aura a Tasawa, kuma ranar Lahadi kawai nake ganinsa. Da na faɗa maka, da ka ji daɗi.

Ka rasu kafin harin da aka kai a Paris ƙarshen bara. Wani lokaci ina cewa Allah ya hutar da kai. Ƙasar nan ta canza, Malam. Sojoji a gar, wato tashar jirgin ƙasa, sojoji a bakin makaranta, in na shiga motar bis da lulluɓina sai in ji idanu a bayana. A cikin wannan hali ga ni da bindiga a kabad ɗin ƙarfe a ɗakin kwanana. Gérard ya raka ni ofishin gwamnati muka sanar da ita yadda doka ta ce, niyyata in hankali ya kwanta in sayar. Sai Bashir ya zo ya ajiye mini parmi, lasisin farauta, a kan tebur, da hotonsa a jiki. Ya yi jarrabawar ba tare da na sani ba. A ranar na ji cewa duk Asabar ɗin da kake cewa ya raka ka ya riƙe maka kaya, koya masa harbi kake yi. Don me ka ɓoye mini? Ka san zan hana, shi ya sa. To ga shi ka tafi ka bar ni da abin da ka shuka.

Da bazara ya gwada bindigar a fili, ya ga zaren saitin da ke cikin madubin ya karkace. Sai ya kwance shi, ya naɗe a tawul, ya sa a jakar baya, zai kai kantin nan na Paris ko za su gyara. Madubin kawai, babu bindiga, babu harsashi. A gar ta Lyon ƴan sanda suka tsayar da shi, suka buɗe jakar. Ka yi tunanin abin da suka gani: saurayi baƙi, da ɗan gemu, sunansa Bashir, da madubin bindiga, da tikitin Paris. Suka sa shi ya fuskanci bango a gaban jama'a. Ya nuna parmi, suka ce za a duba a ofishinsu, suka tafi da shi.

Ina cikin tuƙa tuwo aka buga ƙofa. Ƴan sanda suka shigo da takalmansu har ɗakinmu, suka ce in buɗe kabad. Na ɗauko makulli na buɗe. Suka fito da bindigarka suka ɗora a kan gadonmu, suka duba lambarta, suka ɗaga katifa, suka leƙa har cikin firiza. Ban ce sun zage ni ba, ɗayansu ma ya ce in zauna in sha ruwa. Amma duk benen nan an buɗe ƙofofi ana kallo. Na kira Gérard. Tsohon nan ya baro gonarsa ya je ofishinsu ya tsaya wa Bashir, ya ce shekara da shekaru yana farauta da uban yaron, kuma shi ya tsaya wa yaron wajen jarrabawa. Kafin magariba suka saki Bashir, suka ba shi madubinsa a cikin leda, suka ce takardu daidai suke.

Ya shigo bai yi kuka ba, bai yi faɗa ba. Ya wanke hannu ya ci tuwo. Wannan shirun ya fi ba ni tsoro. Yaron da ke cika gidan nan da surutu yanzu sai in tambaye shi abu sau biyu kafin ya amsa.

Bayan mako ya sake shiga jirgin ƙasa da madubin, ya ce ba laifi ya yi ba. A kantin aka ce masa irin wannan ba a gyara shi, in ya lalace shara ake kai shi. Ya sayo wani sabo, shi ma mai araha, daidai ƙarfin ɗan aikin da yake yi. Naka kuwa ya dawo da shi, yana kan teburinsa kusa da littattafai. A wannan tafiyar suka yi faɗa da Ummi. Ta ce a fitar da bindigar daga gidan kafin wata rana a kashe mata ƙane a banza. Shi kuma ya ce mata tun da ta koma Paris ta koyi sunkuyar da kai. Har yau ba sa magana. Alhaji ya kira ni, bayan doguwar gaisuwa ya ce in sayar, zamanin ba na riƙe irin wannan ba ne. Dukansu ni suke kallo. Da kana nan da kalma ɗaya ka raba gardamar. Ni wace ce da zan raba yaro da abin da ya rage masa na ubansa? Kuma wace uwa ce za ta bari a sake jingina ɗanta da bango?

Ga abin da na yanke. Ban sayar ba. Na ce bindigar za ta koma gidan Gérard a ƙauye, can za ta zauna a kulle. Bashir ya je ya same ta in zai fita, ya bar ta can in ya gama, ba za ta ƙara shigowa gari ba. Jiya muka kai ta. Na tsaya daga nesa ina toshe kunne, suna gwada sabon madubin a bayan gona. Da suka gama Gérard ya kawo mini kwalin, ramukan duk sun taru wuri ɗaya, ya ce hannun yaron ya fi naka tsayuwa. Bashir bai yi murmushi ba. Ya miƙa wa Gérard bindigar da hannu biyu.

A hanyar dawowa yana tuƙi, bai dube ni ba, ya ce babansa bai taɓa kai bindigarsa ajiya gidan wani ba. Na ce masa babansa bai ga wannan shekarar ba. Ya ci gaba da tuƙi har gida.

Ban sani ba ko na kyauta, Malam. Gobe Lahadi za a buɗe farauta, zai fita da sassafe. Na soya masa nama, na goge rigar nan mai ruwan lemu mai haske da ake sawa don kada a harbi mutum. Ban ce masa kada ya je ba. Na dai roƙe shi ya kira ƴar'uwarsa kafin ya tafi, ya ce zai duba.

Sai wata rana. Allah ya gafarta maka, ya kai haske kabarinka, ya tsare mini yaron nan a daji da cikin gari.

Taka har kullum,
Rabi, uwar ƴaƴanka