Wasiƙar Dogo Ta Shekara Goma Sha Uku a Akwatina

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, ina gaida manya da ƙanana. Admin don Allah a ɓoye sunana, garinmu bai kai girman da mutum zai ɓuya a cikinsa ba. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku yi haƙuri da tsawon zancen, tsoho ne yake danna waya da yatsa ɗaya.

Ni mutumin Mubi ne, shekaruna sittin da bakwai, sana'ata walda ce, duk da yanzu ido ya hana. Karatuna bai wuce firamare ba. Amma a garin nan an fi sanina da ƙwallon kwando. Ni na kafa wata ƙungiya a wajen Lamorde, ni na lanƙwasa rodi na yi zoben farko da hannuna, na yi ta bin mutane har aka zuba siminti a filin. Yanzu na daina koyarwa, an ɗauko koci mai takarda, ni aka bar min kujerar uban ƙungiya. Sai dai har yau babu ɗan wasan da zai bar mu ya yi rajista a wani wuri sai na sa hannu a takardar sallamarsa.

Maganar a kan babban ɗan wasanmu ce, zan kira shi Dogo, ba sunansa ba ne. Daga duwatsun Michika suka sauko shi da uwarsa bayan rasuwar ubansa. A kasuwa na gan shi yana dakon buhun wake, kansa ya wuce rumfa, na ce ya zo fili gobe. Shi Kirista ne ni Musulmi, wannan bai taɓa shiga tsakaninmu ba. Baba yake ce min, matata kuma Dada. Duk Asabar in an tashi tirenin, gidana yake zuwa ya sha kunun gyaɗa, yana da wani babban kofi shuɗi da ko 'ya'yana ba sa taɓawa. Wanda bai ga Dogo a lokacinsa ba bai ga wasa ba. Daga Sabon Layi har Mugulbu mutane ke tahowa don su ga ya tashi sama ya danƙara ƙwallo a kwando. Sau biyu ina sake waldar zoben nan saboda shi.

Yanzu shekararsa talatin da biyar, gwiwarsa ta hagu tana kumbura bayan kowane wasa. A bara na kira sabon kocin, zan ce masa Hamman, na ce ya rage masa lokaci, kuma kada ya ce daga wajena maganar ta fito. Tun daga nan a benci Dogo yake fara wasa, sai kwata ta ƙarshe a sa shi ya yi minti biyar ko shida, wani lokaci ma bayan an riga an san wanda ya ci. Abin ya ci masa rai. Ranar nan suka yi cacar baki a gaban 'yan wasa, Dogo ya ce lokacin da yake tara wa garin nan jama'a Hamman ko igiyar takalmi bai iya ɗaurewa ba, Hamman ya ce masa gwiwarsa ta daɗe da yin ritaya, shi ne dai labarin bai iso gare shi ba. Aka yi dariya, har da yaran da shi ya koya musu riƙon ƙwallo. Da Dogo ya kawo min ƙara na zauna ina girgiza kai kamar ban san komai ba, har ina ce masa ya yi haƙuri da yaran zamani.

Wata biyu da suka wuce ya zo ya ce zai bar ƙungiya. Ya samu wata a Gombe da ta yi masa alkawarin shi zai riƙa fara wasa. Na tambaye shi wa ke riƙe da ita, ya ce Malam Ishaya. Wallahi sunan da na daɗe ba na son ji ke nan.

A nan ne dole in faɗa muku abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai Dada. Shekara goma sha uku da suka wuce, wannan Ishayan yana aiki da wata babbar ƙungiya a Legas. Ya zo gasar jiha ya ga Dogo, ya biyo mu har Mubi, ya kawo wasiƙar gayyata da hatimi da komai, da sunan Dogo a jiki. A wajenmu ba a tsallake wanda ya riƙi yaro a yi magana da yaron kai tsaye, don haka ni ya ba wa wasiƙar a hannu, a shagona. Na ce ya ba ni kwana uku. Da kwana ukun suka cika na kira shi na ce uwar yaron tana kwance, ɓarin jikinta ya shanye, yaron ya ce babu inda za shi, kuma don Allah kada a dame shi da maganar a wannan hali. Ishaya mutum ne mai kunya, ya yi mata addu'a ya ce ya fahimta. Alhali a ranar ma uwar Dogo tana gona tana cirar gyaɗa, lafiyarta ƙalau, har yau kuma tana nan da ranta.

A lokacin na ce wa kaina Legas za ta lalata shi. Ƙarya nake. Muna da gasa a gaba, ba shi ba mu, kuma ina jin daɗin yadda ake nuna ni a hanya ana cewa ga kocin Dogo. Wanda suka ɗauka a madadinsa na ji har ƙasar waje ya buga. Dogo kuwa keke napep yake ja in ba ranar wasa ba. Wasiƙar ban yaga ta ba, ban ƙona ta ba. Shekarar da 'yan bindiga suka shigo muka gudu muka bar garin, kofunan da muka ci da hotuna duk a ɗaki na bar su, amma wasiƙar nan a aljihuna ta tsallaka mayo, wato kogi. Har yau ban san dalilin da ya sa na ɗauke ta ba.

To yanzu abin da ya hana ni sukuni shi ne, shin Dogo ya sani? Ku duba min. Ƙungiyoyi nawa ne tsakanin Yola da Gombe, me ya sa sai ta Ishaya? Asabar uku ke nan bai zo shan kunu ba, ya ce aiki ne ya yi yawa, amma an ce min an gan shi zaune a tasha yana hira. Da ya zo wata Laraba ba na gida, ya tambayi Dada ina nake ajiye tsofaffin takardun ƙungiya, wai yana neman hotonsa na da. Shi da ya san hotunan sun salwanta tun lokacin gudu, shi ya taya ni share ɗakin da muka dawo.

Sai babbar. Ranar da ya kawo takardar sallama ya zauna a kan bencin ƙofar gidana, yana murza gwiwa, ya ce, “Baba, tsohon nan Ishaya fa ya fara ruɗewa. Ina gaishe shi sai ya ce yaya jikin mama, ta samu ta tashi daga ciwon nan kuwa? Na ce wane ciwo? Matar da ko zazzaɓi sai ta ga dama take yi.” Ya yi dariya. Ni ma na yi, na ce tsufa ne, ƙila da wani ya haɗa shi. Ya ce, “Haka na ce nima, Baba.” Amma bai ɗauke idonsa daga kaina ba, har sai da na sunkuya ina gyaran takalmin da babu abin da ya same shi.

Tun daga ranar kowa zarginsa nake. Ina zargin Dada, don ita tun a wancan lokacin ta ce min na ci amanar maraya, kuma kwanan nan kullum tana waya da matar Dogo, in na shigo sai ta koma zancen tsadar manja. Na tambaye ta, ta ce, “Malam, da zan faɗa da ban jira ka yi furfura ba.” Ina zargin Hamman ya gaji da ɗaukar zagin da ba nasa ba ya gaya masa ni na sa a ajiye shi a benci, don yanzu in mun haɗu gaisuwarsa gajeriya ce. Ina zargin Ishaya ya gane komai tun daga amsar da Dogo ya ba shi, ya yi shiru ne yana jiran ranar da zai kunyata ni. Har ina zargin ko ba wasan Dogo yake so ba, sunansa yake so ya cika masa fili, ya ƙarasa gwiwar a kakar wasa ɗaya ya dawo mana da shi da sanda.

Da wannan dalilin na gwiwa na riƙe takardar sati biyu ban sa hannu ba. Amma in na zauna ni kaɗai nakan tambayi kaina, gwiwarsa nake karewa ko asirina? Domin da irin wannan bakin na yi wancan, na ce don alherinsa ne. Sau biyu ke nan ina yanke wa bawan Allah nan hukunci a bayan idonsa, sannan in zauna in sha kunu da shi. Yana iya yiwuwa kuma bai san komai ba, wulaƙancin benci ne kawai ya ishe shi, ni ne laifina yake sa in ga ido a kowane bango.

Abin da ya sa na rubuto yau shi ne lokaci ya ƙure. Jiya Ishaya ya kira ni da kansa, muryarsa ba yabo ba fallasa, ya ce ba zai ɗauki ɗan mutum a waya ba, Asabar mai zuwa zai zo Mubi ya gaishe ni ya roƙi Dogo a hannuna kamar yadda ya yi a da. Haka ya ce, kamar yadda ya yi a da. Kuma ya ce yana so in akwai hali a kai shi ya gaida uwar Dogo. Mu uku za mu zauna a tabarma ɗaya, sannan mu je gaban tsohuwar da na kwantar da ita da bakina.

Jama'a me zan yi? In kira Dogo kafin Asabar in damƙa masa wasiƙarsa, in gaya masa har maganar benci, in ya tsine min ya tsine? In bai sani ba fa, na ɗora masa baƙin cikin shekara goma sha uku da ba za su dawo ba, a daidai lokacin da yake neman ya ƙare wasansa da mutunci? Ko in riga Ishaya a waya in roƙe shi ya rufa min asiri, in sa hannu Dogo ya tafi yana ganina da sauran daraja? Na san wannan ƙarya ce ta uku, amma ban ɓoye muku ba zuciyata tana leƙa ta. Ba na tsoron zagin gari, na tsufa da wannan. Abin da nake tsoro shi ne ya daina ce min Baba.

Masu zagi ku zaga, na cancanta, amma bayan zagin ku ba ni shawarar da zan iya ɗauka. Yau Talata. Ga takardar sallama a gabana, ga wasiƙar a gefenta duk ta yi ja don daɗewa. Ɗazu na ga Dada ta sauko da shuɗin kofin nan ta wanke ta kife a kan tire. Na tambaye ta ko ya ce mata zai zo ne, ta ce ita dai ta wanke.