Ni Na Saita Motar Alhaji Ummaru

Daren Laraba, Talata Mafara

Ba wanda ya koya mini. Da gumin facin taya na sayi kwamfutar saiti, ni kaɗai na gane kanta da ɗan bokona na aji uku.

Alhaji Ummaru na Bakura ya sa wa motarsa manyan nozul, masu fesa mai cikin inji, don jan kaya zuwa Maradun. Sai baƙin hayaƙi da shan mai. Kwana uku ina kanta. Na wanke na'urar auna iska, na shigar da girman sabon nozul a kwamfutar motar, har mai da iska suka daidaita.

Yau a tasha na ji shi da kunnena: "Injiniya na ɗauko daga Kaduna."

Na ce, "Alhaji, wane injiniya?"

Ya yi dariya. "Haba Sani, wa zai yarda mai faci ya yi wanga aiki?"

Direbobi na tsaye suna ji. Yanzu duk Kaduna za su kai motocinsu!

Gobe Alhaji zai kawo motar juyen baƙin mai. Wallahi ba ta fita garejina sai an rubuta da fenti a bayanta: Saitin Sani Mai Faci, Mafara.